Babi na Biyar: Wasiƙar da Ake Buɗewa

Ranar 3 ga Mayu, 1978, wani jami'in talla a kamfanin kwamfuta na Digital Equipment Corporation da ke Amurka, Gary Thuerk, ya sa aka tura saƙo guda ga mutum kusan 400 a lokaci ɗaya. Intanet irin ta yau ba ta zo ba tukuna. Abin da ake da shi shi ne ARPANET, hanyar sadarwar da ma'aikatar tsaron Amurka ke ɗaukar nauyinta domin jami'o'i da cibiyoyin bincike, kuma shekara bakwai ke nan kacal da Ray Tomlinson ya fara tura imel daga wata kwamfuta zuwa wata. Saƙon na gayyata ne: a zo wurare biyu a jihar Kalifoniya a ga sababbin kwamfutocin kamfanin. Da hannu aka riƙa buga adireshin mutanen ɗaya bayan ɗaya, suka yi yawa har gurbinsu ya cika, ragowar suka kwarara cikin jikin saƙon. Sai mutum ya ratsa dogon jerin adireshi kafin ya iske maganar, ita kuma da manyan baƙaƙe aka rubuta ta tun daga farko har ƙarshe.

Mutane suka harzuƙa, hukumar da ke kula da hanyar ta ja wa kamfanin kunne. Amma a faɗar Thuerk da bakinsa, saƙon ya jawo cinikin da ya kai dala miliyan 13. Tun daga ranar imel ɗin talla yake tafe da waɗannan abubuwa biyu, kuɗi da ɓacin rai. Wanda zai samu na farko da wanda zai kwashi na biyu, rubutunsu da ladabinsu ne ke raba su.

Na san abin da ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi zai ce: mu a WhatsApp muke ciniki, wa ke buɗe imel? Yana da gaskiyarsa, kuma ban ce ya bari ba. Sai dai ya tuna da 5 ga Yuni, 2021, ranar da aka rufe Twitter a Nijeriya, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu, 2022. Wata bakwai masu sayar da kaya ta can suna laluben hanyar zagaye. A 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Ko ba a rufe komai ba, mabiyanka a shafin wani kamfani ba a hannunka suke ba, kamfanin ne ke zaɓar wanda zai ga abin da ka sa. Jerin adireshin imel kuwa kana iya sauke shi ka adana, ka tashi daga wannan manhaja ka koma waccan da mutanenka cif. Ba banza ba kamfanin Intuit ya zuba dala biliyan 12 a 2021 ya sayi Mailchimp, wanda babban aikinsa tura wa 'yan kasuwa irin waɗannan wasiƙu ne. Adireshin kuma yana nan a wayoyin mutanenmu. Mai wayar Android da wuya a ce ba shi da Gmail, ɗalibin da ya yi rajistar JAMB yana da shi, ma'aikaci yana leƙa nasa kullum da safe, banki ma ta nan yake turo bayanin asusu.

Dillaliya ta fi kowa sanin wannan sana'a, ko da ba ta taɓa kwamfuta ba. Sai ta yi sallama an ce ta shigo take shiga. Ta zauna a tabarma, ta tambayi yara, ta kawo labarin bikin da za a yi a bayan layi, sannan ta kwance ƙullinta. Ba ta zazzage komai da komai. Ta san a gidan nan akwai budurwar da ake haɗa wa kayan ɗaki, don haka kwanuka za ta fito da su, ta bar kayan jarirai sai ta je gidan mai jego. In ta taɓa kawo zane mai zuba ta rantse ba ya zuba, ranar da ta dawo sai a aiko yaro ya ce mata matar gidan tana barci. Halin da ta nuna a zuwan baya shi ke buɗe mata ƙofa a zuwan yau. Haka wasiƙar kasuwanci take, kuma a kan wannan na gina babin nan gaba ɗaya: wasiƙar makon jiya ce ke sa a buɗe ta wannan makon.

Sallamar ita ce izini. Seth Godin ya rubuta littafi guda a kan haka a 1999, mai suna Permission Marketing, inda ya nuna cewa tallan da mutum ya yarda a kawo masa ya fi wanda ya faɗo masa bagatatan albarka. Yanzu ma abin ya wuce shawara. Dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai ta fara aiki a 25 ga Mayu, 2018, Nijeriya kuma ta yi tata a 2023, wadda ta ba mutum ikon cewa a daina amfani da bayanansa wajen tura masa talla. Jerin da ka saya a hannun wani, ko adireshin da ka kwashe daga takardar halartar taro, mutane ne da ba su san ka ba, ba su kuma gayyace ka ba. Komai daɗin alƙalaminka ba zai gyara wannan ba.

To, mun ɗauka an yarda ka rubuto. Me mai karatu ke gani?

Gary Halbert, wanda ya yi suna a Amurka wajen rubuta wasiƙun talla na gidan waya tun kafin imel ya yaɗu, yakan ce mutane a tsaye kusa da kwandon shara suke tantance wasiƙunsu. Kashi ɗaya na waɗanda suka yi kama da daga hannun mutum suka fito, ɗaya kashin na masu warin talla, kuma na biyun ba a cika buɗe su ba. A 2013 Gmail ya mai da wannan tantancewar aikin na'ura, ya ware wa saƙonnin talla sashensu daban. Wanda ya leƙa sashen, babban yatsansa na tafiya, abu uku kawai yake gani a kowane saƙo: sunan mai aikowa, taken saƙon, da 'yan kalmomin farko. A kansu yake yanke hukunci kafin ƙiftawar ido.

Masu koyon aikin nan sukan ƙare ƙarfinsu a kan take, alhali sunan ne ido ke fara sauka a kai. In yayarka ta turo maka saƙo ba take ma, za ka buɗe. Don haka ka sa sunan mutum tare da sunan shagon, ka kuma bar shi haka kullum, kada yau wani gobe wani. Shi take, waya takan datse shi bayan kalma biyar ko shida, sai ka sa kalmar da ta fi nauyi a gaba.

Babu inda aka yi wa take gwajin ƙwaƙƙwafi kamar yaƙin neman zaɓen Barack Obama na 2012. Kimanin dala miliyan 690 suka tara ta intanet, mafi yawansu ta imel. Kafin su tura saƙo ga miliyoyin magoya baya, sukan rubuta shi siga daban-daban, wani lokaci har 18, su tura wa ƙananan rukunoni, wanda ya fi kawo kuɗi shi za a tura wa kowa. A wani gwaji na watan Yuni, taken da ke cewa abokin hamayya zai fi Obama kashe kuɗi ya kawo sama da dala miliyan 2.5, alhali lissafinsu ya nuna da sun tura mafi rauni a cikin waɗanda suka gwada, da abin da za su samu bai fi dubu 400 da 'yan kai ba. Saƙo ɗaya, rana ɗaya, mutane ɗaya. Shugaban sashen imel ɗin, Toby Fallsgraff, ya ce taken da ya fi yi musu aiki a tsawon yaƙin kalma ɗaya ce tak, “Hey”, irin yadda aboki ke taɓa abokinsa da magana.

Mutane da yawa sun ji labarin nan sai suka kama kwaikwayon kalmar, suka bar darasin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙwararrun da ke rubuta saƙonnin sukan yi hasashen wanda zai ci gwajin, kuma sau da yawa hasashensu ya sha ƙasa. Saƙo mara ado, har da mai rubutun da aka shafa wa launin ɗorawa mai kashe ido, yakan doke wanda aka ƙawata. Dabarar da ta ci yau kuma, in aka yi ta maimaita ta, sai ta sane. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma gwajin yana son yawan mutane. In jerinka mutum 300 ne, ka raba 150 da 150, wannan ɓangare ya fi wancan da mutum huɗu, ba ka gano komai ba, dace ne kawai. Mai ƙaramin jeri gara ya zuba ido a kan abin da ke faruwa cikin watanni, ya ga wane irin take ne ke yawan jawo amsa da ciniki.

Yanzu an buɗe. Da wa kake magana?

Warren Buffett, wanda masu zuba jari a duniya suka daɗe suna ɗokin wasiƙarsa ta shekara-shekara ga masu hannun jarin Berkshire Hathaway, ya taɓa bayyana yadda yake rubuta ta. Yakan ɗauka da 'yan uwansa mata biyu, Doris da Bertie, yake magana: masu kaifin basira ne, amma ba masana harkar kuɗi ba ne. Ba ya raina hankalinsu, ba ya kuma jefa musu kalmomin da sai akanta zai gane. Kai ma ka zaɓi mutum ɗaya da ka sani a cikin abokan cinikinka, ka zaunar da shi a gabanka, ka rubuta masa. Mutum dubu za su karɓi saƙon, amma kowannensu shi kaɗai yake karantawa, a cikin a-daidaita-sahu ko a kan gado bayan Isha'i.

A nan mai rubutu da Hausa yana da wata matsala da Bature ba shi da ita. Da zarar ka ce za ka yi magana da mutum ɗaya, dole ka zaɓa: kai ko ke? Ka ce wa Hajiya “ka duba”, ta san nan take ba da ita ake ba. Wasu sukan rubuta “ka/ki”, saƙon ya koma takardar cike gurbi ta ofis. In kayanka na mata ne zalla ko na maza zalla, an hutar da kai. In kuwa jerin a gauraye yake, ko dai ka tambaya tun wurin rajista ka raba shi gida biyu, ko ka yi amfani da “ku”. Ni na fi son “ku”, domin ita ce muke ce wa babba guda ɗaya don girmamawa, mai karatu zai ji ta a matsayin ladabi. Sai dai ka kiyaye kalmomin da ke tona cewa taro kake yi wa shela, irin su “jama'a” da “ɗimbin abokan cinikinmu”. Suna ma haka yake. Manhajojin tura saƙo suna iya cusa sunan kowa a farkon wasiƙarsa, amma dattijon da 'ya'yansa ma ba sa kama sunansa ba zai ji daɗin shago ya kira shi gatsal ba. Ka ƙara tambaya ɗaya a wurin rajista: yaya kuke so mu riƙa kiranku? Wanda ya rubuta Malam, ko Hajiya, ko Injiniya, ya ba ka abin da ya fi adireshinsa daraja.

Sai gaisuwa. Mun tashi da wasiƙar da ke farawa da gaisuwa mai yawa da fatan alheri da tambayar mutanen gida, kuma ba na cikin masu cewa a yar da ita don Turawa ba sa yi. Saƙon da ya faɗo wa Bahaushe ba sallama, da sanyin gwiwa zai karanta shi. Matsalar ita ce waɗancan 'yan kalmomin da waya ke nunawa a ƙarƙashin take daga farkon wasiƙar ake ɗebo su. In kowane mako “bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan” ne ke fitowa a wurin, ka yi asarar ɗaya daga cikin abubuwa ukun da kake da su. Yawancin manhajojin suna da gurbin da za ka rubuta wannan layin daban. Ka cike shi da abin da ke ƙarasa take, a cikin wasiƙar kuma ka yi sallama da gaisuwa layi ɗaya, ka shiga magana.

Bari mu gani a aikace. Mu ɗauki wata mai sayar da shadda da atamfa, tana aika kaya garuruwa, azumi ya kama. Ga irin saƙon da aka saba gani. Takensa: GAGARUMIN RANGWAME!!! KADA KU BARI A BA KU LABARI. Cikinsa kuma: “Muna farin cikin sanar da ɗimbin abokan cinikinmu cewa shagonmu, wanda ya yi fice wajen kawo kaya masu inganci da rahusa, ya sauke sababbin kaya, kama daga shadda, atamfa, leshi, takalma, jakunkuna da turaruka. Sai kun zo.” Babu ƙarya a ciki, amma babu abin da ya shafi mai karatu. Farin cikin na masu shago ne, yabon na masu shago ne, kuma kowane shago a Kantin Kwari zai iya sa sunansa a ƙasa ba tare da ya canza kalma ba.

Ga wata sigar. Take: Tela zai daina karɓar ɗinki. Layin da ke biye: Shaddar Sallah ta iso, kala shida.

“Assalamu alaikum. Ya ibada? Allah ya karɓa mana.

“Jiya na leƙa wurin telan da ke yi mana ɗinki, na tarar da kaya jibge har bakin ƙofa. Ya ce daga goma ga azumi ba zai ƙara karɓar na kowa ba. Na tuna bara akwai waɗanda sai bayan Sallah suka karɓi nasu, shi ya sa na ce bari in yi magana da wuri.

“Shaddar da muka yi oda ta iso ranar Litinin. Kala shida ce, amma ruwan toka da sararin samaniya bandir bibbiyu kawai muka samu. Na yanki ƙyalle na wanke shi sau uku don in gani da idona. Bai zuba ba, sheƙin ma yana nan. Ga hotonsa kafin wanki da bayan wanki. Yadi biyar naira kaza ne. In kuka biya kafin Alhamis, kayanku za su isa Kaduna ko Abuja ranar Asabar, in Allah ya yarda.

“Ku latsa nan ku ga kalolin.

“In akwai tambaya, ku amsa wannan saƙon kai tsaye. Ni nake karantawa.”

Wasiƙar ba ta fara da shadda ba, ta fara da abin da ke damun mai karatu a makon, wato kada Sallah ta zo kaya suna wurin tela. Ko wadda ba za ta sayi komai ba ta ƙaru, an tuna mata ta kai ɗinkinta. Kalmar “inganci” ba ta fito ko sau ɗaya ba, ƙyallen da aka wanke sau uku ya tsaya a madadinta. David Ogilvy ya yi irin wannan a 1958 a tallan motar Rolls-Royce. Makonni ya yi yana karanta bayanan injiniyoyi, har ya tsinto magana guda ya sa ta a kai: in motar tana gudun mil 60 a awa, ƙarar da ta fi kowace a cikinta ta agogon lantarki ce. Bai ce motar ba ta da hayaniya ba, ya bar mai karatu ya ji shirun da kunnensa. Irin wannan bayani ba ya zuwa daga ƙwarewar harshe. Sai ka san kayanka ciki da bai, ka taɓa, ka gwada, ka tambayi wanda ya yi su.

Ka lura kuma abu ɗaya ta nema: a latsa a ga kaloli. Ba ta ce a bi ta a Instagram, a duba takalma, a tura wa 'yan uwa, a cike takardar jin ra'ayi ba. Mutumin da aka ba aiki biyar a lokaci guda yakan ce bari sai anjima, anjimar kuma ba ta zuwa. Takalman su jira wasiƙarsu.

Labarin telan ma ba ado ba ne. Ɗaya daga cikin wasiƙun talla da suka fi daɗewa ana aikawa a tarihi ita ce wadda Martin Conroy ya rubuta wa jaridar Wall Street Journal, aka yi kusan shekara talatin ana tura ta. Da labarin samari biyu ta fara, waɗanda suka gama kwaleji ɗaya rana ɗaya, bayan shekara 25 suka haɗu suna aiki a kamfani ɗaya, wannan yana riƙe da ƙaramin sashe, wancan shi ne shugaba. Mai karatu yana son ya ji me ya raba su, amsar kuma ita ce ta kai shi ga jaridar. Labarin da ba ya kai mutum ga abin da kake son ya yi, komai daɗinsa, ka cire shi.

Sharaɗin duk wannan shi ne ya zama gaskiya. In ba ta wanke ƙyallen ba, kada ta ce ta wanke. In bandir ashirin ne a sito, kada ta ce biyu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a imel kuwa ya fi ƙurewa, domin saƙon yana nan a ajiye, mai karatu zai ga “yau ce rana ta ƙarshe” ta wannan makon a saman ta makon jiya. Haka masu sa alamar amsa a gaban take don a zaci ci gaban wata hira ce. Za a buɗe sau ɗaya, daga nan an gane su. Dokar Amurka ta 2003 kan saƙonnin talla, CAN-SPAM, ta haramta take mai yaudara ƙarara. Mu 'yan Nijeriya kuma muna da wani ƙarin nauyi. Shekaru da dama masu damfara sun yi ta aika wasiƙun alkawarin dukiya daga nan, har sashe na 419 na dokar laifuka ya zama sunan sana'arsu a duniya. Abin takaici ne, amma ɗan kasuwar kirki ma ya gaji zargin. Manyan baƙaƙe, alamun motsin rai a jere, “ka yi nasara”, “gaggauta”, duk kayan aikinsu ne. Ka nisance su. Ka sa adireshin shagonka na zahiri da lambar da za a same ka a ƙasan kowace wasiƙa.

Ba kowace wasiƙa ce ta ciniki ba. Mai shaddar nan tana da abin faɗa ko ranar da ba ta sauke kaya ba: yadda ake wanke shadda sheƙinta bai mutu ba, yadi nawa babbar riga ke ci, yadda ake ajiye leshi lokacin damina kada ya yi fumfuna. Irin waɗannan ne ke sa a ga sunanta a ji akwai abin ƙaruwa. Wasiƙar Morning Brew, wadda ɗalibai biyu a Jami'ar Michigan, Alex Lieberman da Austin Rief, suka kafa a 2015, ba da sayar wa mai karatu kaya ta fara ba. Labarin kasuwanci take kawowa kowace safiya da harshen hira, kyauta, har mutane suka saba da ita. A 2020 kamfanin da ke da Business Insider ya sayi kaso mafi tsoka a cikinta, a cinikin da aka ruwaito ya kimanta ta kusan dala miliyan 75. A Legas ma TechCabal tana da wasiƙarta ta kullum kan harkar fasaha a Afirka. Sabo ne jarinsu, sabo kuma yana son cika alkawari. In ka ce duk Alhamis, to duk Alhamis. In sau biyu a wata za ka iya, ka faɗi haka tun farko. Wanda ya yi shiru wata huɗu sannan ya ɓullo da saƙo bakwai a makon Sallah, an riga an manta da shi, sai a ɗauke shi baƙo mai naci.

Akwai kuma duba halin da saƙo zai tarar da mutum. A Afrilun 2017 kamfanin Adidas ya tura wa waɗanda suka kammala gudun fanfalaki na Boston saƙo yana taya su murnar sun tsira da rai. Wasa yake nufi da wahalar gudun, amma a wurin wannan gudun ne bam ya tashi a 2013, ya kashe mutum uku, ya raunata ɗaruruwa. Dole kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. A 2014 Shutterfly, kamfanin buga hotuna, ya tura barkar haihuwa ga ɗimbin mutanen da ba su haihu ba, cikinsu har da masu neman haihuwa da waɗanda suka yi ɓari. Wani kamfanin sayar da furanni a Ingila, Bloom & Wild, shi ya nuna hanya a 2019: kafin ranar tunawa da iyaye mata, ya tambayi mutanensa ko akwai wanda ba ya son a turo masa tallan ranar, saboda ya san wasu sun rasa iyayensu. Dubbai suka ce a tsame su, da yawa kuma suka rubuto suna godiya. Darasin ya fi shafar mai tsara saƙo tun mako guda ya bar na'ura ta tura. Ranar da aka wayi gari da ambaliya irin wadda ta auka wa Maiduguri a Satumbar 2024, ko gobara ta cinye kasuwa, ko aka yi babban rashi a gari, ka fara zuwa ka dakatar da abin da ka tsara.

Hanyar fita kuma kada ka ɓoye ta. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka gindaya wa masu tura saƙo da yawa sharuɗɗa, a Gmail masu kaiwa 5,000 a rana: su tabbatar da cewa adireshin da suke aikawa da shi nasu ne, su sa hanyar cire suna da latsawa ɗaya, kuma kada masu kai ƙararsu a matsayin masu turo tarkace su kai uku cikin dubu. Uku cikin dubu ba yawa. Wanda ya gaji da kai ya nemi ƙofa bai gani ba, maɓallin ƙara zai latsa, kuma in ƙarar ta taru, har waɗanda ke son wasiƙarka sai su daina ganinta. Wanda ya cire sunansa lami lafiya bai cuce ka ba.

Kafin ka tura, ka aika wa kanka ka karanta a waya, ƙaramar waya ma in da hali, a fili da murya. Duk jimlar da ba za ka iya faɗa wa mutum ido da ido a bakin shago ba, ka sake ta. Ka duba ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, ba su koma akwatuna ba. Kada ka mai da maganarka gaba ɗaya hoto, domin mai tattalin data yakan kashe hotuna, sai ya ga fili fayau. Gmail kuma yana datse saƙon da nauyin rubutunsa ya haura kilobayit 102, ya ɓoye ƙarshensa, inda hanyar fita take.

Bayan ka tura, kada adadin waɗanda aka ce sun buɗe ya ruɗe ka. Ana ƙirga shi ne da wani ɗan mitsitsin hoto da ake ɓoyewa a cikin saƙo, in ya sauka a waya sai a ce an buɗe. Tun Satumbar 2021 manhajar imel ta Apple ta fara sauke wannan hoton da kanta ga waɗanda suka zaɓi kariyar sirri, ko sun buɗe ko ba su buɗe ba, adadin ya kumbura. Ka dubi waɗanda suka latsa, da waɗanda suka saya, da waɗanda suka amsa. Amsar ta fi komai, shi ya sa nake ƙin adireshin nan da ake rubuta wa “kada a amsa”. Matar da ta rubuto tana tambaya ko shaddar tana shan ruwa bayan wanki, akwai wasu hamsin da tambayar ke ransu ba su rubuto ba, kuma da kalmominta za a rubuta taken mako mai zuwa.

Waɗanda kuma suka yi wata shida ba latsawa, ba amsa, ba ciniki, ka ware su ka aika musu gajeren saƙo guda: kun daɗe ba mu ji ɗuriyarku ba, in kuna son mu ci gaba da rubuto muku ku latsa nan. Ka ba su mako biyu. Wanda bai latsa ba ka cire sunansa. Jerin zai ragu, kuɗin da manhaja ke cajinka a kan yawan mutane ma zai ragu, kuma Gmail zai ga mafi yawan waɗanda kake rubuta wa suna kula saƙonka, sai ya riƙa kai shi inda za a gan shi.